Amsar Baffa kan lefe, tazarar haihuwa da ƙorafin 'yan gida

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka, kuma naga tambaya uku ka cusa a ciki: wai dole ne a al'ada sai ka haɗa akwati shida na lefe kafin a baka yarinyar nan, sai maganar tazarar haihuwa da kuka yi da ita wadda gwaggonka ta ji tace boko ya lalata ku, sannan ƙorafin da ake yi a gida cewa ka yanke zumunci tunda baka turo komai da sallah ba. Toh ka samu wuri ka zauna, don kasan ni bana iya gajarta magana.

Abin da nake so ka fara ganewa, auren da ake baka labari na zamanin kakanka ba saurayi ne yake yinsa ba, gida ne yake yi. Gandu ake yi. Uba da 'ya'yansa maza duk gona ɗaya suke nomawa tun safe har azahar, da yamma kowa ya tafi gayaunarsa ya nemi na kashewa. Shi kuma maigida shi ke biyan haraji, shi ke buɗe rumbu a ɗebi hatsin tuwo, kuma shi ke yi wa ɗansa auren fari. In kaka ta yi an sayar da gyaɗa sai a kwaɓa ƙasa a yi tubali, 'yan'uwa su taru a tada ɗaki a cikin gida, shikenan ango ya samu wurin zama ba haya ba kuɗin ejan. Amarya ta tare ta tarar da tukunya ɗaya ake ɗorawa. Lefen ma 'yan turame ne a fantimoti ɗaya, da takalmi da ɗankwali da turare. Yanzu kai kaɗai ake so ka kama haya a birni, ka sayi abinci da mudu, ka biya wuta da ruwa, ka haɗa lefe, kuma a ce maka ai haka al'ada take. An ɗauke gandun an bar maka lissafin.

Kuma a gabanmu abin ya canza, ba labari aka bamu ba. Farin 1973 ya zo, cuta ta biyo ta kashe gyaɗa, dalar gyaɗar Kano ta zama tarihi. A daidai lokacin kuɗin mai ya shigo, aka yi ƙarin albashin nan na Udoji ma'aikata suka kwashi ariyas a 1975, samari suka bar gona suka cika Kakuri a Kaduna da Bompai da Sharaɗa a Kano. Mu da muka yi aikin masaƙa mun san lokacin, lebura na ɗaukar albashi ya sayi keke ko Vespa ya koma ƙauye da sallah ana kallonsa. Daga nan ne lefe ya fara kumbura, atamfa 'yar Holan, leshi, shadda, akwati ɗaya ya koma saiti, don mai albashi yana so a san shi mai albashi ne. Sai SAP ta Babangida, wato manufar tsuke bakin aljihun gwamnati, ta zo a 1986 naira ta fara zubewa, daga baya masaƙun suka bi juna suna rufewa. Kuɗin ya tafi amma gasar bata tafi ba, ita ce kuka gada.

Akwai wani maƙwabcina a Kakuri, mutumin kirki wallahi, da aka sallame su daga aiki babur ɗinsa ya fara sayarwa, sai rediyo, sai keken ɗinkin matarsa wanda dama da shi take rufa musu asiri. Ƙarshe yace taje gida da yara ta ɗan huta kafin abubuwa su daidaita. Ba faɗa, ba saki, har tasha ya raka su ya saya wa yaran biredi. Bata sake dawowa ba. Irin wannan auren da yawa suka mutu a lokacin ba wanda ya ji ko ɗaga murya.

Naku kuwa ba sai na baka labari ba. Tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000, aka maida mafi ƙarancin albashi 70,000 alhali buhun shinkafa a shekarar ya fi haka. Ka duba ma auren zawarawa da gwamnatin Kano ta fara ta hannun Hisba a 2012, da auren gatan da aka ɗaura wa mutum 1,800 da matansu a Oktoban 2023, gwamnati ce ke biyan sadaki ta sayi gado da katifa, aikin da uba da dangi suke yi a da.

To maganar lefe. Sadaki shine wajibi, mafi ƙarancinsa a Malikiyya rubu'in dinari, kuma Annabi (SAW) ya ce wa wani sahabi ya nemo ko da zoben ƙarfe ne. Lefe al'ada ce, akwati shida kuwa ko al'adar bai kai ba, yayi ne. Amma kada ka je kana ɗaga musu murya da hadisi, don ka sani uban yarinyar nan ya fi ka shiga uku. Shi zai yi gado da kujeru da firij da labule da kayan kicin, ga gara, buhun shinkafa da jarkar mai da dubulan da alkaki, wani har gona yake sayarwa ko ya ci bashin da sai jikarsa ta yi wayo bai gama biya ba. Su suna tsoron danginka su shiga ɗaki su taɓe baki, ku kuna tsoron 'yan ganin lefe su ɗaga turmi ɗaya ɗaya suna ƙirgawa, yanzu ma har bidiyo ake ɗauka a watsa a TikTok, Allah ya kyauta. Kowa tsoron gorin ɗan'uwansa yake. Shi yasa mutum ɗaya baya iya ragewa, sai an zauna gida biyu an ce mu mun yafe gara ku ku yafe akwati huɗu. Kuma wannan zaman ba naka bane, namu ne, sannan sai an shigo da iyaye mata don su ke da wuƙa da nama a nan, mu maza baki kawai muke yi a zaure.

Tazara kuma, gwaggon taka ta manta ne ko tana so ta manta. Iyayenmu mata suna zuwa goyon ciki gidan iyayensu, a yi wankan jego na kwana arba'in, wata ma sai ta yi watanni bata koma ba, a shayar da yaro kusan shekara biyu kafin yaye. Macen da ta yi kwanika, ciki ga goyo, har tsegumi ake mata ana cewa ta cuci yaron. Wannan ba tazara bace? Abin da ya sa ake son 'ya'ya da yawa kuma a fili yake, kowane yaro hannu ne a gona, ga ƙyanda da sanƙarau suna kwashe yara, mace ta haifi goma ta tsira da biyar, kuma manomi bashi da fansho sai 'ya'yansa. Shi yasa har gobe zaka ga a karkara, nan da Maraɗi da Damagaram, inda aka fi talauci nan aka fi haihuwa, kuma kada ka raina musu hankali, lissafinsu daidai yake da rayuwarsu. Kai kuma a ɗaki biyu na haya kake, yaro tun daga famfas har kuɗin makaranta duk sai ka zaro daga aljihu. Arziki na Allah ne ba musu, kuma ni ba malami bane da zan baka fatawa, amma malamai da yawa sun halatta tazara don lafiyar uwa da ɗa in miji da mata sun yarda, inda suke tsawatarwa shine a rufe haihuwa gaba ɗaya don tsoron talauci. Ka samu malamin da ka yarda da shi. Sannan don Allah wannan sirrin ɗakinku ne, ta yaya ma har ya kai kunnen gwaggonka tun ba a ɗaura ba?

A ta ukun dai ba zan goyi bayanka duka ba. Gaskiya ne zumunci ya koma alat, kowane guruf na dangi gudummawa ne da anko, wanda bai tura ba a ce ya yi girman kai, kuma ba adalci bane a ɗora wa mai albashi ɗaya gida guda. Amma kai a gidan wa ka zauna a Zariya kana karatu? Ba wanda ya rubuta maka kuɗin tuwo, riƙo ne irin namu, kuma shine inshorar talaka tun kafin a san banki. Mutanen nan ba rashin kuɗin ne ya fi musu ciwo ba, shirun ne, ka daina ɗaga waya don kunyar a tambaye ka. Zumunci a ƙafa yake. Ka je, ka zauna a tabarma, ka faɗa wa mahaifiyarka gaskiyar abin da kake ɗauka, ka yanka mata wani abu duk wata komai ƙanƙantarsa kada ya yanke, sauran kuma wanda ka iya ka yi wanda baka iya ba kace babu da bakinka.

Ka turo min sunan waliyyin yarinyar da unguwarsu, ni da ƙanin babanka zamu je bayan sallar Juma'a ta sama in Allah ya kaimu. Kafin nan kada ka sayi ko akwati ɗaya, kuma ka kira gwaggonka yau ɗin nan ka gaishe ta, don da ita zamu tafi. Ka gaida mutanen gidan.