Ku Tambaya: Zuwa taron masana a Turai da hayaƙin jirgi

Tambaya: Ni malamin jami'a ne a nan Maraɗi. An gayyace ni in gabatar da maƙala a Faris, sai wani abokin aiki ya ce irin wannan tafiya tana ɓata muhalli, gwamma in shiga ta intanet. Da gaske ne? Ko dai a yi watsi da maganar?

Amsa: Malam, abokin aikinka bai yi ƙarya ba, amma nauyin duk yana wuyan jirgi. Kilomita kusan 660 da ke tsakanin Maraɗi da Yamai, in ka shiga bas mai cike da fasinja, rabonka na iskar kabon (hayaƙin mai da ke ɗumama duniya) zuwa da dawowa bai wuce kilo 50 ba.

Daga Yamai zuwa Faris kuwa kilomita kusan 3,900 ne a miƙe. Kowace kujera tana shan lita 3 zuwa 4 ta man jirgi a kilomita 100, kowace lita kuma tana fitar da kabon kilo 2.5. Ka ga zuwa da dawowa ya tasam ma kilo 700. In aka zagaya da kai ta Istanbul, ya haura tan ɗaya, ga kuma ƙarin tashi, wanda shi ne lokacin da jirgi ya fi shan mai. Kujerar manya ta ninka ta talakawa wajen sau uku, don filin da take ci. Matsakaicin ɗan Nijar kuwa kilo kusan 100 yake fitarwa a shekara guda cur.

Intanet fa? Ko janareta ka kunna, litar fetur kabon kilo 2.3 kawai take fitarwa. Matsalar intanet a nan ɗaukewar kuran da yankewar layi ana tsaka da magana. Don haka ka naɗi jawabinka tun da wuri ka aika wa masu taron, ka shiga kai tsaye lokacin tambayoyi kaɗai, ka kashe kyamara in layi ya yi rauni, ka tanadi layin waya na biyu.

A ganinmu, ba malamin Maraɗi ne zai fara haƙura da tafiya ba. Masu zuwa taro biyar a shekara su fara. In wannan taron zai haɗa ka da masu ba da kuɗin bincike ido da ido, ka je, ka ɗauki hanya mafi gajarta, ka haɗa da ziyarar ɗakin bincike a tafiya ɗaya. In minti 15 na karatun maƙala ne kawai, aika bidiyon ya wadatar.