Ina son binciken tsufa: wane horo zan nema, kuma ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digiri na farko a kimiyyar sinadaran jiki, kuma zuciyata ta karkata ga binciken tsufa da cututtukan da ke biyo shi. Wane horo ake ba masu farawa? Gara in kama cuta guda, kamar ciwon mantuwa, ko in kama tsufan kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da ta biyun. Ka kama tsufan, amma ka san cuta guda ciki da bai. Ciwon zuciya, yawancin cututtukan daji, ciwon sukari nau'i na 2 da cutar mantuwa ta Alzheimer duk suna yawaita ne idan shekaru suka ja. Tun 1825 Benjamin Gompertz ya nuna cewa haɗarin mutuwa yana hawa ne ninki-ninki, kuma ga baligin mutum yakan ninka kusan duk bayan shekara 8. Wanda ya fahimci abin da ke tura wannan hawan ya riƙe saiwar cututtuka da yawa. Cutar da ka ƙware a kanta kuwa ita za ta riƙa tuna maka cewa mutum mai ciwo kake yi wa aiki.

Abin da ya bambanta horon wannan fanni da sauran shi ne lokaci. Digiri na uku yakan ci shekara 4 zuwa 6, ɓeran ɗakin gwaji kuma yana rayuwa shekara 2 zuwa 3. Idan ka ɗora karatunka kacokan a kan jiran ɓeraye su tsufa, gwaji ɗaya ko biyu za ka samu, in ya lalace ka shiga uku. Shi ya sa ake fara ɗalibi da halittu masu gajeren kwana: tsutsar C. elegans mai mako 2 zuwa 3, ƙudan 'ya'yan itace mai wata 2 zuwa 3, ko ɗan kifin nan na killifish mai wata 4 zuwa 6.

Aikin tsutsa yana koyar da tarbiyyar da littafi ba ya bayarwa. Za ka sunkuya kan madubin ƙara girma da siririyar wayar filatinam a hannu, kana kwashe tsutsotsi ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon faranti don kada 'ya'yansu su cakuɗe da su. Wadda ta daina motsi sai ka ɗan taɓa kanta da wayar. In ba ta motsa ba, ka rubuta ta mutu. Wadda ta hau gefen faranti ta bushe kuma ba tsufa ne ya kashe ta ba, ana ware ta ne a lissafi. Ko zafin akwatin renon ya tashi daga digiri 20 zuwa 25 na ma'aunin Celsius, kwanan tsutsotsin zai ragu. Malamin kirki zai sa wani ya rufe sunayen farantan, don kada son zuciyarka ya san wace ce aka ba magani. Da irin wannan ƙirga ne ɗakin gwajin Cynthia Kenyon ya nuna a 1993 cewa sauyi a ƙwayar gado guda, daf-2, yana ninka rayuwar tsutsar.

Darasin da nake so ya zauna maka tun yanzu shi ne gajarta rayuwar dabba ba wuya, ko guba ma tana yi. Saboda haka idan ka ga dabbarka ta mutu da wuri, kada ka yi saurin cewa ka gano sirrin tsufa. Tsawaita rai tare da lafiya shi ne hujja mai nauyi, ita ma sai wani ya maimaita ya samu. Cibiyar Nazarin Tsufa ta Ƙasar Amurka, wadda aka kafa a 1974, tana da shirin da ke gwada kowane magani a ɗakunan gwaji 3 lokaci guda, kan ɓeraye masu gaurayen jini, maza da mata. A nan aka nuna a 2009 cewa wani magani mai suna rapamycin yana ƙara wa ɓeraye kwana, duk da an fara ba su suna da kwana 600. A nan kuma resveratrol, wani sinadari da ake samu a inabi da aka yi ta yayatawa, bai tsawaita ransu ba. Wasu magungunan ma mazan kaɗai suka amfana.

A wajen karatu, ka bi tarihin da kanka: gwajin rage abinci na Clive McCay a 1935, binciken Leonard Hayflick da Paul Moorhead na 1961 da ya nuna ƙwayar halittar mutum da aka rena a ɗakin gwaji tana daina rabuwa bayan kusan sau 50, da maƙalar 2013 da ta jera alamomin tsufa 9, waɗanda aka mayar 12 a 2023. Sannan ka rungumi ilimin ƙididdiga da manhajar R ko Python. Agogon kimanta shekaru daga DNA da Steve Horvath ya fitar a 2013 da lissafi aka gina shi, daga bayanan da wasu suka riga suka tara. Wannan ƙofa ce a buɗe ga duk mai kwamfuta da haƙuri.

Wuraren horo akwai su. A Amurka akwai tallafin gwamnati mai suna T32 da ke ɗaukar nauyin ɗaliban digiri na uku da masu horon bayansa, sai dai galibi na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Akwai Cibiyar Buck a Kalifoniya, da Cibiyar Max Planck ta nazarin tsufa a birnin Kolon na Jamus, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashe daban-daban. Amma ni a ganina, malamin da za ka zauna ƙarƙashinsa ya fi sunan cibiyar. Kafin ka amsa masa, ka tambayi ɗalibansa a keɓe: shekara nawa suke yi kafin su gama? Yana barin a wallafa gwajin da bai ba da abin da ake fata ba? Akwai tsofaffin dabbobi a shirye, ko kai za ka fara renonsu? Idan kuma akwai asibitin tsofaffi kusa da wurin, ka nemi izinin bin likitocinsa zagaye ko sau ɗaya a wata, ka ga yadda suke auna saurin tafiyar dattijo da ƙarfin damƙar hannunsa.