Tambaya da Amsa: Me ya haɗa ɗan sikila da maganin ciwon daji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara shida yana da sikila, likita ya ɗora shi a kan wani kafso, hydroxyurea. Ƙanina ya duba a waya ya ce maganin ciwon daji ne. Tun ranar babansa ya hana a ba shi. Don Allah a warware mana.
Wata uwa daga Ƙofar Na'isa, Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya. Ƙanin naki bai yi ƙarya ba, rabin labarin dai ya karanto.

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu, kafin ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado. Kayan da ake haɗa DNA da su kuwa, enzayim (sinadarin da ke gudanar da wani aiki a cikin jiki) guda ne ke ƙera su sababbi, sunansa ribonucleotide reductase. Yakan ɗauko kayan haɗa RNA, wani sinadari ɗan'uwan DNA, ya cire musu ƙwayar oksijin ɗaya tak, shi ke nan sun dace da DNA. Ki ɗauke shi kamar mai buga bulo a unguwar da babu wani sai shi: in ya sassauta, kowane gini ya sassauta. Peter Reichard ne ya gano shi a Suwidin a 1961. A 1972 shi da abokin aikinsa suka ga abin da ya ba masana mamaki: enzayim ɗin yana riƙe da wata ƙwayar lantarki tilo, marar abokiyar zama, kuma da ita yake fara aiki. Daga baya aka gane tana zaune ne kusa da ƙwayoyin ƙarfe biyu. Wannan ƙwayar lantarkin ce hydroxyurea ke kashewa, sai enzayim ɗin ya sassauta, ƙwayoyin halitta su rage saurin rabuwa.

Ƙwayoyin daji saurin hayayyafa gare su, shi ya sa Amurka ta amince da maganin a kansu tun 1967. A sikila, wata fa'idar ake nema. Idan aka ɗan taka wa ɓargo burki, sai ya koma yin irin himogulobin ɗin jarirai (himogulobin shi ne sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini), wanda ba ya barin jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe su toshe hanya. Na tabbata kin lura ɗanki bai nuna alamar ciwo ba a farkon watanninsa. Wannan jinin ne ya kare shi, da ya ja baya kuma ciwo ya kunno kai. A wani gwaji da sakamakonsa ya fito a 1995, an gwada maganin a kan manya 299 masu sikila, tashin ciwo ya ragu kusan da rabi, har aka tsayar da gwajin kafin lokaci don kowa ya samu.

In babansa zai ce wannan binciken Turawa ne, to a nan gida ma an yi. Likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala a Kano, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt, sun bi yara 220 waɗanda awon jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. An ba wasu miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ko ƙaramin awon ma yana ba da kariya. A garin da samun jinin da za a riƙa ƙara wa yaro duk wata abu ne mai wuya, ni a wurina wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Amma fa ba farasitamol ba ne. Burkin nan yana taɓa fararen ƙwayoyin jini ma, saboda haka gwajin jinin da likita ke rubutawa ba ya tsallakuwa. Da nauyin yaro ake auna shi, kada a saya a kemis bisa awon ɗan maƙwabta. Farce kan yi duhu, kada ya tsorata ki. Sai an yi watanni ana sha kullum kafin a ga canji. Zazzaɓi in ya zo, a tafi asibiti a ranar. Mai ciki kuma kada ta taɓa garin kafson da hannu.

Ranar komawa asibiti ki lallaɓi Alhaji ku tafi tare, ki gaya wa likita tun yaushe aka daina bayarwa, domin zai so ya sake gwada jinin kafin a ci gaba.