Bashin kyamara don hoton abincin dare: amsa ga mai gidan abinci

Wani mai gidan abinci ya aiko da tambaya. Yana buɗewa daga ƙarfe 7 na yamma har 2 na dare, kuma yawancin masu saye a Instagram da WhatsApp suke ganin abincinsa su yi oda. Damuwarsa ita ce hotunan da yake ɗauka suna fitowa da duhu, miya kamar wadda ta kwana. Yana so ya san ko ya ci bashi ya sayi babbar kyamara, ko ya riƙa biyan mai hoto duk wata.

Malam, kada ka ci bashin nan. Matsalarka ta haske ce, kuma kyamara mai tsada a ƙarƙashin ƙwan fitilar da kake da shi yanzu irin wannan hoton za ta ba ka.

Hasken rana yana kusan 5,500 a Kelvin, ma'aunin launin haske, ƙwan ɗaki mai ruwan ɗorawa kuwa kusan 2,700. Idonmu yana daidaita wannan bambanci ba tare da mun lura ba, amma waya takan rikice, musamman idan fitilu iri biyu suka haɗu a kan faranti ɗaya. Idan wuri ya yi duhu kuma, sai ta ƙara ISO, wato ƙarfin jin haskenta, hoto ya yi yashi-yashi, ta kuma daɗe tana zuƙar haske, hannu ya ɗan motsa, komai ya yi dishi-dishi. Tsarin hoton dare da Google ya fitar a 2018, Apple a 2019, yana taimakawa, amma ba ya mayar wa nama launinsa idan ƙwan ya riga ya ɓata shi.

Saboda haka ka ware yini ɗaya, da yamma kafin ka buɗe, ka dafa abincin da aka fi saye, ka ajiye faranti kusa da taga inda rana ba ta dukan sa kai tsaye. Ka jingina farin kwali a ɗaya gefen ya dawo da haske kan inuwa. Kashe filashin waya, domin shi ne yake sa mai ya riƙa ƙyalli a kan miya. Ka goge gilashin kyamarar wayar kafin ka ɗauka. Wayar da take yini a kicin maiƙo ne fal a jikinta. Don hoton dare kuma, fitilar LED guda ɗaya ta isa, mai Kelvin 5,000 zuwa 5,500 da CRI (ma'aunin yadda fitila ke nuna ainihin launin abu) 90 ko sama, ka rataya farin yadi a gabanta, ka ajiye ta a gefe ko ɗan baya. Daga nan ne tururi yake fitowa a hoto, kuma tururin shi ne yake shaida wa mai jin yunwa cewa abincin da zafinsa.

In har za ka ɗauki mai hoto, sau ɗaya ya wadatar, don jerin abincinka gaba ɗaya. Ku rubuta yarjejeniya cewa kana da ikon amfani da hotunan ko'ina, domin a ƙasashe da yawa haƙƙin mallakar hoto yana hannun wanda ya ɗauka sai in an rubuta akasin haka.

Abin da ya fi damuna shi ne gaskiyar hoton. Mai sayen abinci da ƙarfe 1 na dare, ko ma'aikaciyar jinya ce ko direba ko ɗalibi, a gajiye yake, ba shi da wani wurin da zai juya. Idan ya ga yankan nama huɗu a hoto ya buɗe ya tarar da biyu, zai ci, amma ba zai sake kira ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ka zuba daidai abin da kake zuba wa kowa, a cikin mazubin da kake aikawa da shi. Ka rufe shi minti 20 ka buɗe ka duba, don haka yake isa hannun mai saye. Abincin da ya ƙare kuma, a cire hotonsa nan take.

Sai lissafi. Masu wannan sana'a sukan so kuɗin kayan girki ya tsaya wajen kashi 30 cikin 100 na farashi, manhajojin kai abinci kuma a Amurka kan yanki kashi 15 zuwa 30. Ka fitar da ribar faranti ɗaya bayan waɗannan, da albashin ma'aikatan dare da kuɗin wuta, sannan ka raba kuɗin kyamarar da ita. Abin da ya fito shi ne yawan farantan da za ka sayar kafin ka fara cin ribarta. Ka kuma rubuta cinikin ƙarfe 12 zuwa 2 daban na tsawon wata guda, kana tambayar kowane sabon mai saye inda ya gan ka. Idan awanni biyun nan ba sa biyan kuɗin kansu, ka fara rufewa ƙarfe 12, kuɗin da ka rage ka sayi fitilar da shi.