Amsa: Shin IU ta bar waƙa ne da ta shiga fim?

Malama, kin tambaya ko IU, wato mawaƙiyar Koriya ta Kudu Lee Ji-eun, ta ajiye waƙa bayan ta shiga wasan kwaikwayo. Ba ta ajiye ba, domin a 2021 ma ta fitar da kundin Lilac.

Ta fara waƙa a 2008 tana da shekara 15, amma sai da waƙarta Good Day ta fito a ƙarshen 2010 sunanta ya karaɗe Koriya ta Kudu. A 2011 ta samu gurbi a wasan talabijin Dream High, sai dai a ganina ba a ɗauke ta 'yar wasa ta haƙiƙa ba sai a wasan talabijin My Mister na 2018. A can ta fito a matsayin matashiya da bashi ya yi wa katutu, mai ƙarancin magana, wadda take kula da kakarta kurma, har ta ɗora tsohuwar a keken sayayya da dare don ta kalli hasken wata. Idanun IU ne suka ɗauki nauyin wasan.

Daga nan darakta Kore-eda na Japan ya saka ta a fim ɗin Broker, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Cannes a 2022.