Tea Party: Ta yaya tsiraru suka tsayar da majalisar Amurka cak?

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto yana cewa, "Na ji an ce ƙungiyar Tea Party ba ta taɓa samun goyon bayan ko rabin Amurkawa ba, amma ita ake ɗora wa laifin kiki-kakar da ta hana majalisarsu aiki a zamanin Obama. Idan jama'a ba sa tare da su, a ina suka samo wannan ƙarfi? Ashe ba mai rinjaye ne ke da ta cewa a dimokuraɗiyya ba?"

Amsa: Malam, abin da ka ji haka yake. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta kamfanin Gallup, masu cewa suna goyon bayan Tea Party sun kai ƙololuwarsu a watan Nuwamba 2010, kashi 32 cikin ɗari, kuma kafin Oktoba 2015 sun sauko zuwa kashi 17. Sai dai ɗan majalisar Amurka bai cika damuwa da ra'ayin ƙasa baki ɗaya ba. Waɗanda ke hana shi barci su ne 'yan dubban da ke fitowa ranar zaɓen fid da gwani a mazaɓarsa, kuma a wannan rumfar Tea Party, tafiyar masu ra'ayin mazan jiya da ke jingine da jam'iyyar Republican, ta kafa sansaninta.

Tafiyar ta samo asali ne daga fushi kan yadda gwamnati ke kashe kuɗi: dala biliyan 700 da aka ware don ceto bankuna a ƙarshen mulkin Bush a 2008, da dala biliyan 787 da Obama ya sa wa hannu don farfaɗo da tattalin arziki a Fabrairu 2009. A ranar 19 ga wannan watan, wakilin tashar CNBC, Rick Santelli, ya yi ta faɗa kai tsaye daga kasuwar hada-hada ta Chicago kan shirin tallafa wa waɗanda suka kasa biyan bashin gidajensu, ya kira a yi "bikin shayi", wato Tea Party da Turanci. Yana nuni ne ga abin da ya faru a Boston a 1773, lokacin da masu adawa da harajin Ingila suka zubar da akwatunan ganyen shayi a teku. Daga nan zanga-zanga ta bazu, dokar inshorar lafiya ta Obama da aka sa wa hannu a Maris 2010 kuma ta ƙara wa wutar fetur.

Kafin a yi hukunci da alƙaluman jin ra'ayi, a lura da abin da suke aunawa. "Mai goyon baya" na iya zama wanda ya amsa waya ya ce eh, bai taɓa zuwa taro ba. Masu aikin na haƙiƙa kaɗan ne. Binciken masana Theda Skocpol da Vanessa Williamson ya ƙiyasta ƙananan ƙungiyoyi kusan 1,000 a faɗin ƙasar da mambobi kimanin 200,000, galibinsu fararen fata masu shekaru, masu ɗan abin hannunsu. A samansu kuma akwai ƙungiyoyi masu kuɗi irin su FreedomWorks da Americans for Prosperity da Club for Growth, masu biyan kuɗin talla, wasu har suna buga makin kowane ɗan majalisa bisa yadda ya kaɗa ƙuri'a. Mutum 200,000 a ƙasar da ta haura mutum miliyan 300 kamar cokali ne a cikin randa. Amma dattijon da ya yi ritaya, ba ya fashin taro, yana buga wa ofishin wakilinsa waya duk mako, ya fi mutum goma masu ra'ayi a zuci tasiri.

Ga inda tsarin ya bambanta da wanda ka saba gani. A nan an saba ganin daliget ne ke fid da ɗan takara, don haka ɗan majalisa gwamna da shugabannin jam'iyya yake lallaɓawa. A yawancin jihohin Amurka masu ƙuri'a ne da kansu ke fid da gwani, kuma kaɗan ke fitowa, masu zafin ra'ayi kan gaba. Ga shi kuma yawancin mazaɓu 435 na majalisar wakilai an san jam'iyyar da za ta cinye su tun kafin a buga ganga, wasu saboda yadda aka shata iyakokinsu, wasu saboda birni da ƙauye sun rabu a siyasa. Ɗan Republican da ke irin wannan mazaɓa ba ɗan Democrat ne zai kayar da shi ba. Wanda zai kayar da shi ɗan gida ne da zai tashi ya ce, "Wannan ya haɗa kai da Obama."

An ga hakan da ido. A 2010 Sanata Bob Bennett na Utah ya rasa tikiti a taron jam'iyyarsa, ƙuri'ar da ya kaɗa don ceto bankuna na cikin laifinsa. A 2012 Richard Lugar na Indiana, wanda ke majalisar dattawa tun 1977, ya sha ƙasa a fid da gwani. Wanda ya fi girgiza su shi ne na Yuni 2014: Eric Cantor, shugaban masu rinjaye, na biyu a majalisar wakilai, ya kashe sama da dala miliyan 5, amma wani malamin jami'a, Dave Brat, da bai kashe dala 200,000 ba ya doke shi. Ƙuri'un duka kimanin 65,000 ne kacal, a mazaɓa mai mutum sama da 700,000. Ba sai an kayar da mutum hamsin ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma haka sauran suka yi: suka daina duk abin da za a kira sasanci.

Sai lissafin cikin zaure. Bayan zaɓen rabin wa'adi na 2010, Republican ta ƙaro kujeru 63, ta kama majalisar wakilai da kujeru 242. Ana bukatar 218 kafin doka ta wuce. Ke nan idan mutum 25 suka noƙe, kakakin majalisa John Boehner ba shi da rinjaye sai ya roƙi 'yan Democrat. Akwai kuma wata al'ada ta jam'iyyar, wadda ba doka ba ce, cewa kakaki ba ya kawo ƙudirin da yawancin 'yan jam'iyyarsa ba sa so, ko da zai wuce da ƙuri'un ɗaya ɓangaren. Idan ya karya al'adar sau da yawa, kujerarsa ce a bakin wuta. Da haka mutum talatin zuwa arba'in suka riƙe wuyan zaure mai mutum 435.

Wannan ƙarfi ya fi cizo a inda doka ta gindaya wa'adi. Shekarar kuɗi ta gwamnatin Amurka tana farawa 1 ga Oktoba, kuma idan majalisa ba ta amince da kuɗin kashewa ba, dole ma'aikatu su rufe ayyukan da ba na gaggawa ba. Nijeriya ta aro tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a 1979, amma sashe na 82 na tsarin mulkin yanzu ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗi har wata shida kafin kasafi ya fito, shi ya sa jinkirin kasafi a Abuja ba ya rufe ofisoshi. Wa'adi na biyu shi ne iyakar bashin da gwamnati za ta iya ci, wadda sai majalisa ta ɗaga. A 2011 an yi ta ja-in-ja a kanta har ranar ƙarshe, 2 ga Agusta, kuma bayan kwana uku kamfanin Standard & Poor's ya rage darajar bashin Amurka karon farko a tarihi. A 2013, da zugar Sanata Ted Cruz, wanda ya yi awa 21 yana magana a zaure, suka ce babu kasafi sai an hana dokar lafiyar Obama kuɗi. Gwamnati ta rufe kwana 16, aka zaunar da ma'aikata kusan 800,000 a gida.

Jama'a sun nuna ɓacin ransu. Cibiyar Pew ta samu kashi 49 na yi wa Tea Party kallon banza a Oktoba 2013, kashi 30 kawai ke ganin kirkinta. Gallup ta samu farin jinin jam'iyyar Republican ya faɗi zuwa kashi 28, na majalisa kuma zuwa kashi 9 a Nuwamba. Duk da haka, dubi ƙuri'ar da ta buɗe gwamnati ranar 16 ga Oktoba: 285 da 144 a majalisar wakilai, kuma duka 144 da suka ƙi 'yan Republican ne. Sun san gwamnati za ta buɗe ko ba da su ba, sai suka ajiye "a'a" ɗinsu don nunawa a gida. Bayan shekara ɗaya kuma jam'iyyar ta ƙwace majalisar dattawa. Fushin ya huce, shafin intanet na inshorar Obama ya yi ta tangarɗa ya ɗauke hankali, kashi 36 kacal na masu ƙuri'a suka fito, kuma zaɓen rabin wa'adi ya saba hukunta jam'iyyar shugaban ƙasa.

Inda ra'ayin jama'a ya yi aiki shi ne zaɓen sanata, wanda jiha baki ɗaya ke yi. Christine O'Donnell a Delaware da Sharron Angle a Nevada sun ci fid da gwani a 2010 suka faɗi babban zaɓe, haka wanda ya kayar da Lugar ya miƙa kujerar ga Democrat. Kujeru ne da jam'iyyar ke ganin kamar suna aljihunta.

Ba adalci ba ne a ɗora musu kiki-kakar duka. An rufe gwamnati kwana 21 a 1995 zuwa 1996, zamanin Clinton da kakakin majalisa Newt Gingrich, tun ba a san da su ba. A majalisar dattawa, yawancin ƙudirori na bukatar ƙuri'a 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara, kuma jam'iyyun biyu duka suna amfani da wannan makami. 'Yan Democrat sun zartar da dokar lafiya ba tare da ƙuri'ar Republican ko ɗaya ba a zagayen ƙarshe. Sannan abin da kai kake kira cikas, magoya bayansu nasara suke kiransa, domin hana doka wucewa aka tura su yi. Majalisar 2011 zuwa 2013 ta zartar da dokoki ƙasa da 300, kuma yarjejeniyar iyakar bashi ta 2011 ta tilasta rage kashe kuɗi na gaske.

Sunan Tea Party ya shuɗe, musamman bayan Trump ya janye yawancin magoya bayanta a 2016, amma dabarar tana nan. Rukunin Freedom Caucus na 'yan Republican masu zafin ra'ayi a majalisar wakilai da aka kafa a Janairu 2015 shi ya matsa wa Boehner har ya sanar da murabus a Satumbar shekarar. A Janairu 2023 sai da aka kaɗa ƙuri'a sau 15 kafin Kevin McCarthy ya zama kakaki, kuma a Oktoba, kwana uku bayan ya dogara da ƙuri'un Democrat don hana rufe gwamnati, 'yan jam'iyyarsa takwas suka haɗu da 'yan adawa suka tsige shi, 216 da 210.