Tambaya da Amsa: Wasan Gudu Mai Araha, Ra'ayin Wa Za a Bi?

Wasiƙun wannan makon sun karkata ne ga wasannin gudu mara iyaka, irin waɗanda ɗan wasa ke sheƙawa a guje shi kaɗai, kai kuma aikinka tsalle da sunkuyawa da kauce wa shinge har sai ka faɗi. Yawancin masu tambayar suna magana ne a kan ƙananan wasanni masu araha, waɗanda mutum ɗaya ko biyu ke ƙerawa ba tare da wani babban kamfani a bayansu ba.

Tambaya: Na ga wani wasan gudu mai sauƙin kuɗi, amma ra'ayoyin da ke ƙarƙashinsa sun rabu biyu. Wasu na yabo, wasu na cewa asarar kuɗi ne. Wa zan gaskata?

Amsa: Malam, kada ka tsaya ga yawan taurari. Nemi wanda ya faɗi dalili. Mai cewa "wasa ne mai daɗi" da mai cewa "shirme ne" duk ba su gaya maka komai ba. Wanda ya rubuta cewa bayan minti biyar shingaye na fitowa biyu a manne ta yadda ba a iya tsallake na biyun, shi ne ya yi maka aiki.

Idan a Steam ne, wato kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, kowane ra'ayi yana ɗauke da adadin awannin da mai shi ya buga. A wasan gudu, wanda ya yi minti goma bai kai inda gudun ke tsananta ba, alhali a can ne aibin wasa ke bayyana. Ka fi ba da ƙarfi ga waɗanda suka yi awa uku zuwa sama. Sannan ka kwatanta ra'ayoyin kwana 30 da suka wuce da na gaba ɗaya, domin ƙananan masu ƙira sukan gyara matsala bayan fitowar wasa, tsohon ƙorafi kuma ya ci gaba da zama a shafin. A Google Play kana iya tace ra'ayoyi ka ga na sabuwar sigar wasan kawai. Steam na mayar da kuɗi idan ba ka wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka kai awa biyu kana bugawa ba, awa biyu kuwa sun ishe ka gane wasan gudu ciki da waje.

Tambaya: Sau da yawa ina danna tsalle a kan lokaci, amma ɗan wasan ya ƙi tashi ya daki shinge. Mutane da yawa sun rubuta irin wannan ƙorafi. Hannunmu ne ko wasan?

Amsa: Wannan ƙorafi shi ne ya fi cancanta a saurara, domin wasan gudu ba shi da wani jari sai amana tsakanin yatsa da allo. Idan ka faɗi ka ji a ranka cewa laifinka ne, za ka sake gwadawa. Idan ka ji an cuce ka, za ka goge shi.

Bari mu yi lissafi. Mutum kan ɗauki kusan kwatan daƙiƙa daga ganin abu zuwa motsa yatsa. A ce ɗan wasa na gudun mita 20 a daƙiƙa, kyamara kuma na nuna mita 10 kawai a gabansa. Rabin daƙiƙa ke nan daga fitowar shinge zuwa karo. Cire kwatan daƙiƙar ɗan Adam, cire jinkirin na'ura, abin da ya rage ƙalilan ne. Mai ƙira da ya san aikinsa yakan ja kyamara baya yayin da gudu ke ƙaruwa, ko ya sa wa gudun iyaka. Wanda bai sani ba sai ya bar gudun ya yi ta hauhawa har ya kai inda babu mahaluƙin da zai iya.

Akwai kuma dabaru biyu da ƙwararru ke ɓoyewa cikin wasa, waɗanda sababbin masu ƙira kan manta da su. Ta farko: idan ka danna tsalle ƙafar ɗan wasa ba ta kai ƙasa ba tukuna, wasan ya riƙe dannawar na kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ya aiwatar da ita da zarar ya dira. In babu wannan, dannawar ta tafi a banza, kai kuma ka rantse ka danna, kuma gaskiyarka. Ta biyu: idan ka ɗan wuce bakin rami da taku ɗaya, wasan ya yafe maka ya bar ka ka yi tsallen. Bayan waɗannan akwai akwatin karo, wani murabba'i da ido ba ya gani wanda ke kewaye da shinge. Shi kwamfuta ke dubawa, ba zanen ba. Ya kamata ya ɗan gaza zanen girma. Idan ya fi shi, za ka ga sarari tsakanin ƙafar ɗan wasa da saman shingen, amma a ce ka faɗi.

Ga yadda za ka raba gardama. Kunna naɗar allo, ka buga har abin ya faru, sannan ka kalli bidiyon a hankali, hoto bayan hoto. Idan akwai tazara a bayyane lokacin karon, laifin wasan ne. Idan kana bugawa a talabijin, shiga saiti ka kunna yanayin wasa, domin gyaran hoton da talabijin ke yi yana ƙara jinkiri sosai. A waya kuma ka sani goga yatsa ya fi dannawa jinkiri, saboda sai yatsan ya yi 'yar tafiya kafin wasan ya gane inda ka nufa. Idan akwai zaɓin dannawa, ɗauke shi.

Tambaya: Wasan yana tafiya sumul da farko, daga baya ya fara sarƙewa. Ƙanena ya ce wayata ce ta tsufa.

Amsa: Malama, lura da lokacin da sarƙewar ke zuwa, shi zai nuna mai laifi. Idan sai bayan minti goma ko sha biyar, bayan wayar kuma ya yi zafi, to wayar ce ke rage wa kanta ƙarfi don kada ta ƙone. Cire mata riga, ki daina bugawa tana caji, ki kashe yanayin tsimin batir, ki rage inuwa da ƙyalli a saitin wasan. Idan akwai zaɓi tsakanin hotuna 60 da 30 a daƙiƙa, 30 tsayayye ya fi 60 mai tangal-tangal, domin yatsa na sabawa da kari ɗaya.

Idan kuwa tun farko yake ɗan daskarewa jefi-jefi ko da wayar na sanyi, wannan aikin mai ƙira ne. Yana ƙirƙiro kowane tsabar zinariya da kowane shinge sabo, ya jefar bayan an wuce, sai ma'adanar wayar ta cika da tarkace, wasan ya dakata don ya share ta. Maganinsa a ajiye 'yan shingaye ana juya su, wanda aka bari a baya a dawo da shi gaba. Ke ba za ki iya gyara wannan ba, amma ki rubuta wa mai wasan ki faɗi samfurin wayarki da lokacin da abin ke faruwa. Ƙananan masu ƙira sukan karanta saƙo da kansu.

Akwai na uku da ba a cika sani ba: hoto ya riƙa karkarwa sai an yi nisa ƙwarai. Lambobin da ke nuna matsayin ɗan wasa ne suka yi girma har lissafi ya rasa daidaito. Shi ya sa masu ƙira da yawa ke tsayar da ɗan wasa wuri ɗaya, hanya ce ke tahowa.

Tambaya: Masu sharhi na cewa wasan maimaici ne. Ai duk wasan gudu haka yake?

Amsa: Maimaici na cikin jininsa, amma akwai bambanci. Canabalt na Adam Saltsman, wanda ya fito a 2009, maɓalli ɗaya gare shi, kuma ya riƙe mutane saboda tazarar gine-gine da saurin gudu na canzawa kowane zagaye. Hanyar irin waɗannan wasanni guntaye ne da aka tsara ake haɗawa a cakuɗe. Idan guntayen ba su da yawa, cikin rabin awa za ka haddace su. Jetpack Joyride na 2011 ya magance gundura da ƙananan ayyuka uku da yake ba ka a lokaci guda, yana sauya su in ka kammala. Duba ko wasan da kake so yana da irin wannan, ko sababbin shingaye na bayyana yayin da ake nisa.

Tambaya: Me zai sa in biya alhali Subway Surfers da Temple Run kyauta ne?

Amsa: Na kyauta da talla da sayayyar cikin wasa suke rayuwa, mai araha kuma yawanci biya ɗaya ne. Kafin ka saya, duba shafinsa ko an rubuta cewa yana ɗauke da talla ko sayayyar ciki. Idan ka biya kuma har yanzu ana sayar maka da damar farfaɗowa bayan faɗuwa, ka yi hattara, domin mai irin wannan tsari yana cin riba ne duk lokacin da ka faɗi, kuma hakan kan shafi yadda yake jera shingayensa. Ka kuma duba ranar da aka sabunta wasan na ƙarshe, da ko mai shi yana amsa ƙorafe-ƙorafe a shafin.